Yadda zaka gano inda ake dafa gahawa ta gaske a Kano

Kano garin shayi ne, wannan ba abin musu bane. Duk kwanar da ka sha sai kaga teburin mai shayi, an jera gwangwanayen madara sama-sama, ga burodi ga kiret ɗin ƙwai ga Indomie na tafasa a gefe, amma ranar da ranka ya biya da gahawa ta gaske, irin wadda ƙamshinta ke riga kofin isowa gabanka, ranar zaka gane cewa duk girman garin nan sai ka tashi tsaye kafin ka samu. Ni a Madina na fara shanta lokacin da Allah ya nufe ni da zuwa Umra, wani dattijo ne ya miƙo min ɗan finjali da dabino uku bayan buɗa baki, tun daga ranar bakina ya ƙi mantawa, na dawo gida na yi ta neman irinta wajen shekara biyu, na sha mai kyau na sha marar kyau, har dai na gane hanyar da ake bi. Abin da na koya ne zan zayyana maka, in sha Allahu zai rage maka yawo da ɓarnar kuɗin adaidaita.

Da farko ka tsaya ka san me kake nema tukuna, domin a bakinmu kalmar kofi ta ɗauki kaya da yawa, mazubin ma kofi ne abin shan ma kofi ne. In ka zauna wajen mai shayi kace malam a bani kofi, Nescafé zai ɓare maka ya zuba ruwan zafi ya antaya madara da siga, shikenan. Shi wannan garin an riga an dafa shi tun a masana'anta, aka busar da ruwan ya koma gari dan ya narke nan take, kamfanin Nestlé ne ya fito da shi a ƙasar Suwizalan a 1938, kuma bana raina shi, yana korar barci yana ɗumama ciki da sanyin asuba, amma ba shi muke magana akai ba, tunda duk inda ka je ɗanɗanonsa ɗaya ne, ba wani gwanintar hannu a ciki. Na biyu akwai gahawar buta, irin ta Larabawa da mutanen Sudan da Chadi, wadda ake soya ƙwayar a daka a dafa a kan gawayi. Na uku kuma ta inji ce, ta shagunan zamani masu sanyin AC, su esfireso, wato 'yar baƙar gahawa mai ƙarfi da inji ke tatsowa, da kafucino da ake haɗawa da madara mai kumfa.

Toh ga inda mutane da yawa ke faɗawa rami. A titunan Kano ba duk abin da aka kira gahawa ne gahawa ba. Wani zaka ga ya ɗauko buta yana yawo da ita yana cewa gahawa ce, in ka sha sai ka ji ganyen shayi ne aka dafa da citta da kanumfari da na'ana'a, ko ƙwayar gahawa ɗaya babu a ciki. Wani kuma ƙwallon dabino ne ya soya ya niƙa, wani 'ya'yan rai-ɗore, kala dai ta fito baƙa har da ɗan ƙamshin suya, kuma ba laifi bane a sha su in an faɗa maka gaskiyar abin da suke, sai dai babu kafeyin, wato sinadarin gahawa mai korar barci, a ƙwallon dabino, in kana neman abin da zai wartsakar da kai ne ka tashi a tutar babu. Shi yasa tambayar farko da nake yi ko ina naje ita ce, malam zan iya ganin ƙwayar? Mai abin gaske baya jin haushin wannan tambayar, da murna ma zai buɗe maka gwangwani ya zuba maka a tafin hannu. Wanda ya fara kame-kame yana cewa ai haɗi ne na musamman sirrin gida ne, ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Yanzu wa zaka tambaya?

Yawancin mutane waya suke ɗauka su buɗe Google Maps ko Instagram, su ga wajen da aka ƙawata da fitilu da kujeru masu laushi da taurari biyar, su ɗauki hanya. Ban ce kar ka duba ba, amma ka sani mafi yawan masu bada taurarin nan kyan wurin suke yabawa da shawarma da sanyin ɗaki da inda zasu ɗauki hoto, ba kofin ba. In zaka karanta abin da suka rubuta ka nemi wanda yayi maganar ɗanɗano, wanda yace tayi ɗaci ko tayi tsararo ko an kawo ta da sanyi, shi ne ya sha da hankalinsa. Kuma masu dafa ta buta da suka fi kowa iyawa mafi yawansu ko allon suna basu da shi balle a same su a waya.

Dabarar da ta fi yi min aiki, kuma ita nake so ka riƙe ko da zaka manta sauran, ita ce ka bi sawun ƙwayar ta baya. Maimakon ka nemi mai dafawa, ka nemi mai sayar da ɗanyar ƙwaya. Ka shiga wajen masu kayan ƙamshi a Kasuwar Kurmi ko Kasuwar Rimi ko Sabon Gari, ko wajen masu kayan Saudiyya da ke sayar da dabino da turare da zam-zam, ka tambayi wanda ke da ɗanyar gahawa, wadda ba a soya ba, launinta kore-kore ne mai ɗan toka kamar busasshen wake, tana da tsaga a tsakiya. In ka same shi ka sayi ko rabin gwangwani ne dan a buɗe hira, sannan kace Alhaji dan Allah su waye ke zuwa saye a wajenka duk sati? Wallahi wannan tambayar ta kai ni wuraren da ko shekara goma zanyi ina yawo bazan gano su da kaina ba. Dalili kuwa a fili yake, wanda ke sayen ɗanya kaɗan-kaɗan duk sati da hannunsa yake soyawa, kuma kayansa na ƙarewa da wuri, wato yana da masu sha kullum, wanda kuma ya sayi buhun niƙaƙƙe sau ɗaya ya ajiye wata shida mai kayan ƙamshi ma ya manta fuskarsa.

Bayan shi sai mutanen da gahawa ta zama musu jiki. Wanda yayi karatu a Sudan, ko tsohon ɗan Takari da ya daɗe a Makka ko Jidda, ko 'yan kasuwar da ke zuwa sari Kantin Kwari daga Chadi da Maiduguri, ko direbobin manyan motoci masu tafiyar dare. Ka tambaye su ina suke sha in sun shigo gari. Akwai kuma Kwarori, wato mutanen Lebanon da Siriya da suka daɗe a Kano har sunan Kantin Kwari daga su ya samo asali, har titin Beirut muke da shi, gidajen abincinsu sukan dafa irin tasu mai kauri a ɗan ƙaramin kofi wadda garin ke kwanciya a ƙasa, in an kawo maka ita kar ka juya da cokali kuma kar ka shanye har ƙarshe, ka bar lakar nan a gindin kofin.

Abin yana bani sha'awa in na tuna cewa mu da gahawa ba baƙin juna bane yadda ake zato. Sunan ma daga Larabci muka ɗauko. Asalin bishiyar daga tsaunukan Habasha take, amma waɗanda aka fara sani da dafa ta suna sha su ne Sufayen ƙasar Yaman a ƙarni na 15, dan su iya raya dare da zikiri ba gyangyaɗi, kaga kenan a ƙarnin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a nan, can ana hura wuta a ƙarƙashin butar gahawa. Har hana shanta aka taɓa yi a Makka a 1511 kafin daga baya a janye. Ni a ganina abin da yasa bata kama ƙasa a wajenmu ba shi ne Allah ya riga ya bamu goro, shima akwai kafeyin ɗin a cikinsa, kakanninmu fatake har Gwanja suke zuwa ɗauko shi, wanda ke da goro a aljihu baya buƙatar hura gawayi kafin ya kori barci, daga baya kuma shayi yazo ya mamaye ko ina.

Toh ka samu kwatance ka isa wajen. Kar ka yi saurin cewa a zuba, ka gaisa ka zauna ka bar hancinka yayi aiki. Gahawar da aka soya daidai gardi take yi, kamar gyaɗar da aka soya da yashi aka sauke a kan lokaci, in kuwa ƙauri ka ji kamar tuwo ya kama a gindin tukunya to an ƙona ta, kuma ba sigar da zata ɓoye wannan. Ka dubi ƙwayar, ta Larabawan Saudiyya sama-sama ake soya ta, launinta kamar ruwan zuma, shi yasa in an dafa take fitowa rawaya-rawaya ana saka mata hel, wato kayan ƙamshin da Turawa ke kira cardamom, wani lokaci da za'afaran ko kanumfari, kuma ba a sa mata siga, dabino ne sigarta. Ta mutanen Sudan da ake kira jabana ita ana soya ta sosai har tayi duhu, a daka a turmi, a dafa da citta a ɗan tulun ƙasa mai dogon wuya, a tace a sha da siga, tana da ƙarfi sosai. Duka biyun daidai ne a wajen masu su, abin da ba daidai ba shi ne ƙwaya tayi baƙi ƙirin tana naso da mai tana warin tsohon man gyaɗa, wannan ta daɗe a ajiye zafin Kano ya gama da ita.

Sai ka lura da yaushe ake dakawa. Wannan shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Ɗanyar ƙwaya tana iya shekara a ajiye lafiya lau, in aka soya ta kwanakinta masu kyau basu wuce sati uku zuwa wata ɗaya ba, in kuwa aka niƙa ta to tun daga wannan lokacin ƙamshin ya fara guduwa, kafin a kwana biyu a buɗe rabin daɗin ya tafi. Saboda haka wajen da ka ji ƙarar turmi ko ƙarar injin niƙa bayan ka ce a baka, ka gyara zama, ka zo gidan. Wajen da aka ɗauko filas aka tsiyaya maka nan take, ka tambaya yaushe aka dafa, in tun safe ce ga shi la'asar tayi to tsami da bauri zaka sha. Na taɓa zuwa wani waje da aka yi ta zuzuta min shi, kujeru na alfarma, ma'aikata da kaya iri ɗaya, aka kawo min kofi mai tsada na kurɓa na ji kamar jiƙon sabara, da na leƙa sai naga tulun gilashi ne a kan wuta tun ban san yaushe ba yana ta ƙonewa, abin ya bani takaici sosai domin ƙwayar da suke da ita mai kyau ce, rashin kula ne kawai ya kashe ta.

Ruwa ma ka sa masa ido, mutane basa kawo shi a lissafi alhali kusan kashi 98 cikin ɗari na abin da ke kofin nan ruwa ne. Wasu rijiyoyin cikin gari zartsi ne da su, in aka dafa da shi komai kyan ƙwaya sai ta fito wani iri. Ka duba ko da wane ruwa yake dafawa, na leda ne ko na bohol ko na ɗan garuwa, ka duba kuma inda ake wanke kofuna, in bokiti ɗaya ne tun safe ruwan ya koma kalar madara ana tsoma kofi ana fitarwa, ni dai a nan nake miƙewa, ko kuma in zo da kofina daga gida, ba wanda zai ga laifinka.

In shagon inji ka shiga, abubuwan dubawa sun ɗan bambanta. Ka fara neman injin niƙa a kusa da babban injin, mai ɗan mazubi a sama da ƙwaya a ciki. In babu shi, daga leda ake ɗebo gari ko kuma ɗan kwanson roba ake jefawa a inji, zai sha dai amma kuɗin da zaka biya ya fi abin da zaka samu. Masu haɗawa a irin wannan shago barista ake ce musu, sunan yazo ɗaya da na lauyoyi amma daga Italiyanci nasu ya fito, ka ja shi da hira, ka tambaye shi daga ina ƙwayar take kuma yaushe aka soya. Wanda ya san aikinsa zai ɗauko maka ledar ya nuna maka, ka nemi ranar suya a jiki ba ranar lalacewa ba, domin ranar lalacewa ana iya sa mata shekara ɗaya ko biyu. Sannan a zuwan farko kar ka ce a baka mai madara da cakulan da kirim a sama, madara rufin asiri ce, ka ce esfireso kawai ko baƙa da ruwan zafi. Ka kalli yadda take zubowa, ya kamata ta sauko siririya kamar zuma ta ɗauki daƙiƙa 25 zuwa 30 kafin ɗan kofin ya samu abin da bai wuce cokali biyu na cin abinci ba, da kumfa ruwan ƙasa a samanta. In ta zubo shaa cikin daƙiƙa goma zata yi tsami tayi salam, in ta tsaya tana ɗiga har kusan minti guda ɗaci ne zalla. Ruwan kuma ba tafasasshe ake so ba, tsakanin digiri 90 zuwa 96 ne, shi yasa matsalar wuta ke shafar su, in NEPA ta ɗauke aka tada janareto injin na buƙatar lokaci yayi zafi, in ka shigo daidai lokacin ka ɗan jira minti goma sha biyar. Ka dubi bakin ƙarfen da ake dafa madara da tururi, in busasshiyar madara ta daskare a jikinsa to haka sauran kayan da baka gani suke.

Za ka ji ana cewa Arabika da Robusta, kar sunan ya ruɗa ka, iri biyu ne na bishiyar. Arabika a kan tudu mai sanyi take yi, ta fi ƙamshi ta fi laushi a baki da ɗan tsami mai daɗi, ita tafi tsada. Robusta tana jure zafi, ta fi ɗaci, kafeyin ɗinta ya kusa ninka na Arabika, ita aka fi yin garin nan mai narkewa da ita. Brazil ce kan gaba wajen noman gahawa a duniya sai Biyetnam ke bi mata. Amma abin da nake so ka sani shi ne muma muna da tamu, a tsaunin Mambilla na jihar Taraba ana noman Arabika, haka ma a tudun Jos, ga maƙwabtanmu Kamaru suna noma duka biyun. Duk shagon da na shiga aka ce min ƙwayar ta Mambilla ce ko ta Jos sai naji wajen ya ƙara shiga raina, ba dan kishin ƙasa kaɗai ba, ƙwayar da ta taho daga garin Gembu na kan Mambilla a mota aka soya ta a nan ta fi kusa da ranar suyarta akan wadda ta kwana wata da watanni a kwantena kafin ta iso Legas, kuma manomin namu ya samu na cefane.

Wajen ɗanɗanawa kuma, kurɓar farko ba siga. Na san da wuya ga bakin da ya saba da haɗin kauri, amma ka daure sau ɗaya. Ka bari ta ɗan huce, tana da zafi sosai harshe baya jin komai, mai kyau tana hucewa tana ƙara daɗi har ka ji wani ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshe, marar kyau tana hucewa asirinta na tonuwa. Bayan ka haɗiye ka ɗan yi shiru kaji me ya rage a bakinka, in gardi ne ya zauna to madalla, in kuwa makogwaro ya bushe kana neman ruwa kamar ka tauna ɗanyen goro mai bauri to da sauran aiki. Daga nan ka sa sigarka yadda kake so, ba wanda ya isa ya ce maka sai ka sha baƙa kafin ka zama mashayin gahawa. Kayan ƙamshi ma haka, ba aibu bane, a Senigal gahawarsu da ake kira Kafe Tuba da kimba ake haɗa ta, kimbar nan dai tamu ta kunu da yaji, sunan kuma daga birnin Tuba na Shehu Ahmadu Bamba ne. Abin dubawa kawai shi ne citta da kanumfari su raka gahawar kar su danne ta, in yaji kaɗai kake ji yana ƙona maka wuya to mai dafawa ɓoye wani abu yake.

In a majalisar masu ta Larabawa ka zauna, da hannun dama ake karɓa, kuma kar ka ga an zuba maka ɗan kaɗan a gindin finjali kace rowa ce, haka al'adar take, za a yi ta ƙara maka har sai ka ɗan girgiza finjalin kafin ka miƙa, alamar ka ƙoshi kenan.

Kar ka yanke wa waje hukunci da zuwa ɗaya. Ni sau uku nake zuwa, da safe, da yamma, da kuma ranar da maigidan baya nan yaronsa ne a kan wuta. Wajen da hannu bai canza ba a duka ukun shi ne naka. Ka kuma dubi su waye ke zama, in kaga dattijai da baƙi 'yan Sudan ko Chadi suna dawowa kullum a lokaci ɗaya, mai dafawa ya san na kowa ba sai an faɗa ba, wannan shaida ta fi duk wani talla. Zaman ma yana da muhimmanci, gahawa ba abin sha a tsaye bace, in wajen hayaƙin sigari ya cika shi ko hirar da ake yi bata dace da kai ba, ko kiɗa ya hana ka jin na kusa da kai, to ko kofin yayi daɗi bazaka daɗe kana zuwa ba. Tsada kuma bata nuna kyau, na sha ta bakin titi a kan benci da ta fi ta otal nesa ba kusa ba, kuma na sha ta shago mai tsada da ta cancanci kuɗinta har na ƙara.

'Yan'uwa mata na san zaman teburin bakin titi ba naku bane a garin nan, amma hakan bai hana ku samun mai kyau ba. Shagunan cikin manyan kantuna irin na titin Zoo Road da unguwannin Nasarawa da Bompai kowa na shiga da iyalinsa, duk abin da na faɗa na injin niƙa da ranar suya ki duba shi, ki yi tambayarki kai tsaye. Kuma gaskiya a cikin gidaje aka fi iya jabana, a Sudan ma mata ne suka riƙe sana'ar shayi da gahawa a bakin hanya, in kina da maƙwabciya da ta zauna can ko a Chadi ki roƙe ta ta dafa a gabanki sau ɗaya, abin da zaki koya a wannan zaman ya fi duk rubutun nan.

Magana ɗaya ta lafiya, kuma da gaske nake. Likitoci sun ce baligi mai lafiya kar ya wuce miligiram 400 na kafeyin a rana, wato kamar kofi huɗu madaidaita, mai juna biyu kuma rabin haka, 200. Kuma ka haɗa lissafin da goron da ka ci da shayin da ka sha da lemon ƙarin kuzari na gwangwani, duk jaka ɗaya suke shiga. Abin yana daɗewa a jiki, bayan kamar awa biyar rabinsa na nan, shi yasa wanda ya sha mai ƙarfi bayan isha'i zai kwana yana juyi ya makara asuba. Mai olsa da mai hawan jini da wanda zuciyarsa ke bugawa da sauri su tambayi likitansu tukuna. Abin da yafi damuna shi ne masu zuba wasu abubuwa a buta da sunan ƙarin ƙarfi ko maganin gajiya, irin abin da ya sa gadagi yayi ƙaurin suna a garin nan, yaro ya sha yayi ta aiki ba ji ba gani daga baya jiki ya karye. Duk wanda yace maka tasa tana da wani sirri da zai sa ka kwana uku baka gaji ba, kar ka kai bakinka, gahawa ta gaske ƙwaya ce da ruwa da wuta sai ɗan kayan ƙamshin da kowa ya san sunansa.

Lokacin da yafi dacewa ka fita wannan nema shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, bayan sallar asuba hazo ya sauko gari yayi tsit, lokacin masu suya ke ɗora kasko, kuma a sanyin nan ƙamshin na tafiya nesa har ka iya binsa da hanci daga bakin layi. Ka je da wuri ka samu dahuwar farko. In zaka tahowa da mutanen gida ka riƙo filas ɗinka, amma ka ɗauraye shi da tafasasshen ruwa kafin ka fito, kar ya zama wanda aka zuba kunun tsamiya a ciki jiya, kuma a shanye ta kafin awa ɗaya.